Wasan da Mamman Turmi Ya Ƙi Ci

Shekara takwas ke nan da muka kai Mamman Turmi makwancinsa. Duk shekara in damina ta ja baya, masara ta fara bushewa a jikin kara, sai in ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai kuma zuciya ta ƙi. Abin da ya fama mini mikin a wannan karon wata gardama ce da na tarar a teburin mai shayi kusa da tashar mota ta Birnin Gwari. Samari sun kasu biyu, wasu na cewa ba a taɓa yin 'yan ƙwallo irin na yanzu ba, wasu na cewa na da sun fi su nesa ba kusa ba. Da suka hango ni sai ɗayansu ya ce, "Yawwa, ga Baba Tanimu nan, tsohon gola ne, shi zai raba mu." Na tsaya, na dube su. Wanda ya kamata ya raba wannan gardama yana ƙarƙashin ƙasa.

Sunansa na yanka Muhammadu. Turmi kuwa a fili ya samo shi, domin gajere ne kakkaura, in ya kafa ƙafa ba mai ture shi. 'Yan kallo kan yi masa kirari da "Turmi sha daka," shi kuma ko murmushi ba ya yi. Ɗan baya ne, ni ina raga, kuma mun yi fiye da shekara goma a haka, yana gabana ina bayansa. Na san faɗin kafaɗunsa kamar yadda na san tafin hannuna. In ya ɗan karkata hagu na san ƙwallon ta dama za ta biyo, in ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwayo ba na san cewa yake in fito in kama.

A filin makarantar firamare muka fara, da ƙwallon tsumma, daga baya aka sami ta fata mai igiya a baki. In ruwa ya taɓa ta sai ta yi nauyi kamar tulu, wanda ya sa mata kai kuwa zai kwana da shaidar igiyar a goshi. Yawancinmu ba takalmi. Ƙungiyarmu ta haɗa kowa: akwai Yohanna, ɗan wani malamin makaranta da ya zo daga kudancin Kaduna, yana buga gefen hagu, akwai Buba da ke tahowa daga rugarsu a ƙafa ya kuma fi kowa gudu, akwai 'yan Gwari biyu da in suna son ɓoye dabara sai su juya harshe. Ranar kasuwa mukan hau bayan motar kaya mu tafi Damari ko Kutemeshi, wani lokaci mu tafi Tsohon Birnin Gwari a kan kekuna, mutum biyu a keke ɗaya. Ta cikin wannan dajin muke bi, dajin da yau in aka ambace shi sai an sassauta murya. Abin tsoronmu a lokacin shi ne mota ta kafe a laka mu makara. Mukan tsaya a ruga a dama mana fura da nono, yaran rugar su biyo mu kallo.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, don an ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma mu tsofaffi mun iya shafa wa jiya mai. Zamaninmu ma yana da nasa ƙazantar. An binne laya a gindin raga, an jefi alƙalin wasa da dutse har sai da ya ɓuya a gidan mai gari, an tashi wasa da dambe ba sau ɗaya ba. Ba mu san motsa jiki na ƙa'ida ba, ba mu san abin da ya kamata ɗan wasa ya ci ba. In ka ji ciwo, a kai ka wurin maɗori ya ja ya ɗaure, mako mai zuwa ka dawo fili. Haka aka yi wa Turmi da wani ɗan gaba ya hau masa gwiwar dama a Tsohon Birnin Gwari. Ya ƙarasa wasan yana jan ƙafa, aka yi ta yi masa kirari, shi kuma ya ɗauki wannan gwiwa har ƙarshen ransa. In sanyi ya shigo sai ya dafa bango kafin ya tashi daga sallah.

Da ƙafa ta ƙi, bai bar fili ba. Da safe yana gona, bayan la'asar yana filin makaranta da usur a wuya, yana koya wa samari. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ke biyansa, amma duk garin Koci ake ce masa. A wannan tsakanin ne gidajen kallon ƙwallo suka shigo, aka fara ganin wasannin Turai a bango ana zaune a kan benci. Ranar Asabar da yamma mukan je tare, mu zauna a baya. Na zaci zai raina su, kamar yadda sauran tsofaffi ke yi, amma ba haka ba. Ya kan zuba ido yana kallo, can sai ya taɓo ni ya ce, "Tanimu, da wannan yaron ya zo Kutemeshi a zamaninmu, da sai mun nemi wurin ɓuya." Ya yarda sun fi mu gudu, sun fi mu sanin inda za su tsaya, ƙwallo na bin ƙafarsu kamar an ɗaure ta da zare. Abu ɗaya ne ba ya iya haɗiyewa: ƙato ya faɗi yana birgima ba a taɓa shi ba, don a ba shi fanareti. In ya ga haka sai ya tsartar da yawu ya kau da kai. Ya kan ce mutumin da zai yi ƙarya da jikinsa a gaban jama'a, ba abin da ba zai yi ƙarya da shi ba.

Da wannan ma'aunin yake auna yaransa, kuma ba su cika kai masa ba. Ya kan ce suna son riga mai lamba fiye da gumi, suna kwaikwayon yadda ake murnar cin ƙwallo tun ba su iya ci ba. Wanda suka fi samun saɓani da shi Kabiru ne, ɗan wasansa na gaba. Kabiru na da ƙafa, wannan ba gardama, ban ga irinta a garin nan ba tun bayan Buba. Amma ga aski na yayi, an zana layi a gefen kai, ga waya kullum a hannu, ga shi ba ya komawa baya ya taimaka in an kawo hari. Turmi ya kore shi daga fili ya fi a ƙirga. Ya taɓa ce masa a gaban kowa, "Kai ɗan hoto ne, ranar da wasa ya yi zafi ba za a gan ka ba." Kabiru ya cire riga ya yar, ya yi mako biyu bai zo ba, sannan ya dawo ba wanda ya ce wa wani komai. Golansu kuma Iliya ne, ɗan abokinmu Yohanna, yaro mai sanyin hali da ni da kaina na koya wa kama ƙwallon sama.

Sannu a hankali daji ya canza hannu. Aka fara da satar shanu, aka koma tare hanya, aka koma ɗaukar mutane a gonakinsu. Rugagen da muke shan fura suka watse, wasu an kore su, wasu sun gudu da abin da ya rage musu, Buba ma ban san inda ya ƙare ba. Wasannin da ake yi tsakanin ƙauyuka suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A wannan yanayi ne samarin Damari suka aiko cewa suna son a zo a buga da su bayan an cire amfanin gona, don sun daɗe ba su ga baƙo a filinsu ba. Na ce wa Turmi hanya ba kyau. Matarsa Talatu ta faɗa masa, Yohanna ma ya faɗa masa. Ya ce an yi kwanaki ba a ji komai a wannan hanyar ba, za su tafi da hantsi su dawo da rana tsaka-tsaka. Sannan ya ce, "In mu ma muka daina zuwa, yaran can za su san an yar da su." Har yau ban iya yanke hukunci ko gaskiya ce ya faɗa ko taurin kai ne ba. Wataƙila duka biyun ne.

Sun je lafiya, sun buga. A hanyar dawowa, rana ba ta ko yi sanyi ba, aka tare motarsu a wata kwana. Waɗanda ke kusa da ƙofa suka faɗa cikin ciyawa suka tsira, kuma sun ce Koci ne ya tsaya a bakin ƙofar yana tura su waje ɗaya bayan ɗaya. Shi bai gwada gudu ba, ya san gwiwarsa. Aka kora shi daji tare da sauran yaran da suka rage, cikinsu har da Kabiru da Iliya. Abin da zan faɗa daga nan ban gani da idona ba. Daga bakin waɗannan biyun na ji shi, kowa daban, kuma maganarsu ba ta saɓa ba.

Abin da ya fara ba su mamaki shi ne masu tsaron nasu sa'o'insu ne. Wasu na sanye da rigunan ƙungiyoyin Turai, bindiga a rataye a kan lambar. Suna da rediyo, suna bin sakamakon wasanni, suna gardama a kan 'yan wasan nan dai da ake gardama a kansu a cikin gari. Da shugabansu ya ji cewa 'yan ƙwallo aka kamo, sai ya yi dariya ya ce ai kuwa an kawo musu gidan kallo har gida. Ya sa aka ɗauko ƙwallon da aka kwaso daga motarsu, aka kafa sanduna a wani sarari mai kututture da ƙaya, aka raba su gida biyu. Ya ce a buga, kuma ɓangaren da aka ci, kowa a cikinsu zai sha bulala a gadon baya. Sun riga sun ga yadda ake yi wa wasu da aka kamo kafin su, sun san ba wasa ake musu ba.

Akwai wani yaro Nura da zazzaɓi ya kayar, ga ƙafarsa ta tsage a tafiya. Turmi ya ce shi zai shiga a madadinsa. Mutum ya haura sittin, ga yunwa, ga gwiwa. Suka yi ta masa dariya, suka ce a bar tsoho ya shiga. Yana ɗaure wando ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya kamar mai gyara musu tsayuwa, yana faɗa musu a hankali, "Duk wanda ya ci, a bar ɗan'uwansa ya rama. Amma ku buga da gaske, waɗannan sun san ƙwallo."

Sai wanda ya san Turmi zai gane nauyin wannan magana a bakinsa. Muna samari wani mai hali ya taɓa kiran mu gefe kafin wasa, ya ce mu yi canjaras da wata ƙungiya don mu duka mu wuce zagaye na gaba. Turmi ya tashi ya bar wurin bai ko yi sallama ba, ya shiga fili ya buga kamar mai fansar rai, aka ci mu, muka fita daga gasar, kuma bai taɓa nadama ba. Mutumin ke nan da ya tsaya a tsakiyar daji yana shirya canjaras. Dole uwar na ƙi.

Kabiru da Koci suna ɓangare ɗaya, Iliya na tsaron ragar ɗaya ɓangaren. Kabiru ya yanke mutum biyu ya narka ƙwallo a kusurwa, masu bindiga suka yi ihu har da harbi sama. Saura ramuwa, kuma hanyar ramuwa ta kan Turmi take, don shi ne a baya. Ɗan gaban ɓangaren su Iliya ya taho da ƙwallo, ya karkata dama ya koma hagu, wata 'yar yanka da ko a mafarki ba za ta wuce Turmi ba. Turmi ya bi ta dama da dukkan jikinsa, ya zube ƙasa, ya yi birgima har da riƙe ƙafa. Yaron ya wuce ya ci. Daji ya ɗauki shewa, ana cewa tsoho ya sha ƙasa. Iliya ya ce daga ragarsa yana kallon Koci kwance cikin ƙaya ana masa dariya, sai ya ji hawaye na zubo masa, ya goge da hannun riga kamar gumi ne. Aka tashi ɗaya da ɗaya, ba wanda aka daka.

Abin ya yi wa mutanen daɗi, suka mai da shi abin yi. Duk bayan 'yan kwanaki sai a fito da su. Wata rana biyu da biyu, wata rana ba ci, wata rana a bari sai dab da tashi a rama. Kullum Turmi ne ke tsara yadda za a yi, kuma ba ya maimaita dabara. Kabiru ya ce a nan ya gane cewa tsohon nan ya fi shi sanin ƙwallo ninkin ba ninkin, don shirya canjaras da ba za a gane ba ya fi cin wasa wuya. Amma kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Wata rana shugaban ya tsayar da wasa ana tsaka da yi. Ya ce shi ba yaro ba ne, ba a yin canjaras kullum sai da shiri, kuma ko a faɗa masa wanda ke shirya abin ko ya zane su duka.

Turmi ya ɗingiso ya fito gaba. Ya ce, "Ni ne kocinsu. Abin da na ce shi suke yi."

Ba bulala suka yi masa ba. Shugaban ya lura da ƙafar da yake ja, ya sa aka riƙe shi, aka sa gindin bindiga a kan wannan gwiwar. Ba zan faɗi sauran ba. Daga ranar ba a ƙara buga ƙwallo a wurin ba, kuma ba a taɓa ko ɗaya daga cikin yaran ba.

A gari kuwa an sayar da abin da za a iya sayarwa don haɗa kuɗin fansa, an bi gida gida, masallaci da coci duk an kai ƙoƙon bara, har Allah Ya sa aka ce a zo a ɗauke su a wani wuri kusa da titi. Lokacin ƙafar Turmi ta kumbura har cinya, ta fara wari, ko tsayuwa ba ya iya yi. Masu tsaron suka ce a bar shi nan, ba mai jiran gurgu. Shi ma ya ce wa yaran su tafi, in sun isa a aiko a ɗauke shi, alhali kowa ya san ba mai dawowa. Kabiru ya durƙusa a gabansa ya juya masa baya. Koci ya ce, "Kai yaro, tashi ka bi 'yan'uwanka." Kabiru ya ce, "Baba, yau kam ba za ka kore ni ba." Iliya da Nura suka ɗaga shi suka aza masa.

Tafiya ce ta yini guda a cikin duwatsu da rafuka, ga su sun yi makonni ba su ƙoshi ba. Suka riƙa karɓa-karɓa, wannan ya goya ya gaji wancan ya karɓa, amma sun ce Kabiru ne ya yi fiye da rabin tafiyar, har tafin ƙafarsa ya fashe yana taka jini. Turmi kuwa ba ƙaramin nauyi gare shi ba ko da ya rame. A haka suka fito titi.

A asibiti aka ce an makara, dafin ya riga ya shiga jini. Na same shi da hantsi kwana biyu kafin ya cika, Talatu na zaune a gefen gado tana masa fifita. Idonsa biyu, hankalinsa garau. Na riƙe hannunsa. Shi ne ya fara magana. Ya ce, "Tanimu, mun raina yaran nan." Na ce ya huta, a bar maganar. Ya ce, "A'a, bari in faɗa. Mu an gwada mu da ƙwallo mai nauyi. Su ka ga abin da aka gwada su da shi." Sai ya tambaye ni ko an duba ƙafar Kabiru. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Na sha tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. A wasannin Turai yanzu an kawo na'urar da ke maimaita wa alƙali abin da ya faru, ana tsayar da wasa a je a duba ko yatsan mutum ya wuce layi. Ina jin da zai so ta, don tana tona asirin masu faɗuwar ƙarya, ko da yake ban sani ba ko bayan abin da ya yi a daji zai ci gaba da yi wa kowane mai faɗuwa hukunci ɗaya. 'Yan wasan sun ƙara gudu, sun ƙara ƙwarewa, likita na biye da su, ba mai kai gwiwarsa wurin maɗori. Wannan zai yi masa daɗi. Abin da na tabbata zai ƙona masa rai shi ne cacar da ta shiga wayoyin samari. Yaro na kallon wasa, ba ruwansa da wanda ya iya ko wanda bai iya ba, shi dai a yi kusurwa kaza a ba da kati kaza. Na ga wanda ƙungiyarsa ta ci yana kuka, don ba da yawan da ya sa aka ci ba.

Sannan ga babbar tambayar, wadda masu kwatanta na da da na yanzu ba su cika yi ba: ina filin? Ɗan ƙwallo ba a talabijin yake tsira ba, a ƙasa yake tsira, a wasa tsakanin wannan ƙauye da wancan, inda yaro zai haɗu da wanda ya fi shi ya koma gida ya ƙara himma. Filin makarantar da muka taso a kai ya yi shekaru cike da bukkokin waɗanda aka koro daga ƙauyukansu. Yaran da aka haifa a Damari da Kutemeshi a shekarun nan, da yawansu sun girma ba su taɓa ganin baƙuwar ƙungiya ta sauka daga mota ba. Sun san sunan kowane ɗan wasa a ƙasashen da ba za su taɓa zuwa ba, ba su san ko akwai mai ƙafa a ƙauyen da ke bayan tsauni ba. Inda babu ƙasa ake gardamar kokawa. Ta yaya zan ce mun fi su, alhali mu an bar mana hanya a buɗe, su an rufe musu?

Yanzu an ce an yi sulhu da 'yan bindigar dajin. Kasuwa ta dawo tana ci, motoci na bin hanya, kuma ba zan raina wannan ba, don wanda ya kwana da tsoro shi ya san daɗin barci. Amma sulhu na da nasa ɗacin. Kabiru achaɓa yake yi yanzu, tun da ya fito daga daji bai ƙara taɓa ƙwallo da ƙafarsa ba, kallo kawai yake zuwa. Watannin baya ya zo gidana da la'asar, ya zauna a kan tabarma. Ya ce ya shiga gidan kallo, ƙungiyar da yake so ta ci, ya yi tsalle, wanda ke gefensa ma ya yi tsalle har suka rungumi juna. Da ya dubi fuskar sai ya ga ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙe Koci ne ranar da aka fasa masa gwiwa. Mutumin bai ma gane shi ba. Kabiru ya ce, "Baba, ƙungiyarmu ɗaya da shi. Me zan yi?" Na ce ya yi haƙuri. Na san ba amsa ba ce, ita kaɗai nake da ita.

Yohanna ya kwashe iyalinsa sun koma Kaduna bayan abin da ya faru, can ya rasu. Iliya na koyarwa a wata makaranta, yana kira na duk sallah, ni ma ina kiran sa lokacin Kirsimeti. Talatu na nan a gidan, ta tsufa ƙwarai.

In na zauna ina auna abin da ya rage na Mamman Turmi, sai in ga ba shi da yawa a ido. Ba kofi a ɗakinsa, ba fili mai sunansa. 'Yan wasan yanzu ko atishawa suka yi an ɗauka an adana, jikokinsu za su gani. Shi kuwa babu ko hoto ɗaya da ya nuna shi yana buga ƙwallo. Mu da muka gan shi a ganiyarsa ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma in muka tafi shi ke nan, ba wanda zai iya cewa ga yadda yake tare ɗan gaba. Gasar ƙauyukan da ya ba da ƙafarsa don kada ta mutu, ta mutu, har yau ba ta tashi ba. Wannan ita ce gaskiya, kuma ba ta da daɗi.

Amma bara da bazara na bi ta gonar Nura, yaron nan da zazzaɓi ya kayar a daji. Yanzu magidanci ne da 'ya'ya, babban ɗansa Muhammadu sunansa. Na same shi yana sassabe, ya tuɓe riga saboda zafi, ya ba ni baya bai san na iso ba. Na daɗe a tsaye ina kallon bayan nan, gumi na gangarowa a kansa, sumul, ba tabo ko ɗaya. A garin nan akwai mutane da yawa da suka dawo daga daji waɗanda ba sa tuɓe riga a gaban 'ya'yansu. Yaran Turmi ba sa cikinsu.

Allah Ya jiƙan Muhammadu, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ya yalwata masa kabarinsa. Mu kuma da muka saura, Allah Ya ba mu ƙasar da yaro zai tafi wasa ƙauyen maƙwabta, uwarsa ta ɗora tukunya ba tare da tana kallon hanya ba.